Hannun Daman Baba Muni

Wata goma sha tara wani tsoho ya yi yana gaishe ni kullum da safe, ni kuma ban amsa masa ba ko sau ɗaya. Ni Haladu, wanda aka haifa a gidan da yaro ba ya wuce babba a tsaye. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ba don na iya rubutu ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar Kano ba. Tela ne ni a Fagge, na haura shekara ashirin a kan keke. Wani mai suna Ɗan'iya ya ce akwai kamfanin ɗinki a Malesiya da ke neman ƙwararru, na sayar da kekunana uku na ba shi. Ranar da zai miƙo min fasfo ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya yi min sallama doguwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya san sunan autata. Da na sauka Kuala Lumpur, a tsakiyar shekarun dubu biyu, babu kamfani, babu mai tarba. Takardar da ke cikin fasfona ta ɗalibi ce. Ina da shekara arba'in da shida. Tun daga ranar na tsani duk mutumin da ya iya gaisuwa.

Zangona na farko unguwar Wangsa Maju. Wasu yara 'yan Najeriya suka tsince ni a filin jirgi ina zaune kan jakata, suka tafi da ni gidansu a hawa na sha ɗaya. Su biyar ne, duk 'ya'yan masu hali, Hausarsu rabi Turanci. A falo nake kwana, kusa da takalmansu. Ba mugaye ba ne, sai dai ba su san zafi ba.

"Kawu, wai da gaske kai ma ɗan makaranta ne?" in ji ɗaya daga cikinsu. "Wane aji za a sa ka?"

"Ajin ubanka," na ce.

Suka kwashe da dariya har da faɗuwa a kan kujera, sannan suka aika aka yo min tapau, wato abincin da ake ƙunshewa a taho da shi gida. Na ci ina jin haushinsu, ina kuma gode musu a ciki.

Makarantar da Ɗan'iya ya sa sunana ɗaki biyu ce a saman wani shagon waya. Wata yarinya sa'ar 'yata ta fari ke ɗaga littafi tana cewa mu faɗi sunansa da Turanci. Sau biyu a mako nake zuwa don kada takardata ta mutu. Sauran kwanakin na shiga neman aiki.

Zango na biyu Jalan Masjid India. Nan ne unguwar yadi da kayan sawa na Musulmi. Na bi shaguna ɗaya ɗaya. In na yi sallama a amsa min da kyau, har a dafa ƙirji. In na ce aiki nake nema sai fuska ta canja, a ce "tak boleh", ba zai yiwu ba. Mako uku ina wannan yawo, takalmina ya buɗe baki. Wani mai shayi a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya lura kullum ruwa kawai nake sha, ya riƙa turo min gurasarsu ta roti da miyar wake ba ya cewa komai. Shi ne ya ce in gwada Brickfields, unguwar Indiyawa, bikin fitilunsu ya kusa, teloli ba sa samun barci.

"Ai ba Musulmi ba ne," na ce.

Ya ce, "Keken ɗinki ma ba Musulmi ba ne. Je ka kawai."

Brickfields ƙara ce da ƙamshi. Kiɗa daga kowane shago, turaren tsinke, furanni an kitsa su kamar igiya an rataye. Na ga allon tela a bakin wata matattakala mai ƙunci na hau. Ɗaki ɗaya ne, keke huɗu, teburin yanka, a kusurwa kuma wani ɗan kanta da hotunan abin bautarsu da fitilar mai. Wani tsoho siriri, baƙi kamar ni, da farar toka layi uku a goshi da tef ɗin awo a wuya, ya ajiye alli ya miƙe. Ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, yatsu suna kallon sama, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Wanakkam."

A fim ɗin Indiya kawai na taɓa ganin haka. Yunwa ta ce min in nuna ladabi. Sai na yi abin da muke yi wa babban mutum a gida: na dunƙule hannun dama na ɗaga sama, na tallafe shi da hagu, na girgiza, na ɗaga murya, "Ranka ya daɗe!"

Wata mata da ke guga a gefe ta ƙwalla ihu ta ɗago dutsen guga da zafinsa ta yo kaina. Ita a ganinta wani ƙaton baƙo ya hawo zai naushi ubanta. Na ja da baya na yi karo da keke, kwarkwaro da zare suka watse a ƙasa. Tsohon bai motsa ba. Ya ce mata wani abu da yarensu na Tamil, ya matso ya kama hannun nan nawa da ke dunƙule ya buɗe shi yatsa ɗaya ɗaya, ya duba kantar da almakashi ya bar min a gindin babban yatsa.

"Tela," ya ce da guntun Turancinsa irin nawa. "Zauna."

Ya miƙo min ƙyalle ya ce in haɗa hannun rigar mata. Na haɗa. Ya juya cikin ya duba, ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Haka na samu aiki. Sunansa Muniyandi, ni na mayar da shi Baba Muni. Shi kuma yake ce min Tambi, wato ƙane. Mai dutsen guga 'yarsa ce, Selbi, mace mai kamar shekaruna, mijinta ya gudu ya bar ta da 'ya ɗaya tun da daɗewa. Sai da ta yi wata biyu tana ajiye dutsen guga kusa da ita in ina ɗakin.

Ga yadda safiyar shagon take. Baba zai hawo, ya cire takalmi, ya kunna fitilar kusurwa, ya haɗa hannu ya gai da abin bautarsa. Ya juyo ya taɓa almakashinsa ya kai hannun ido. Ya haɗa hannu ya gai da 'yarsa. Sannan ya juyo gare ni, hannun nan dai, sunkuyon nan dai, "Wanakkam, Tambi."

Nan ne matsalar. Abin da ya yi wa hotunan kusurwa shi yake yi min. Ni Musulmi ne, ba a rusuna wa kowa sai Allah, kuma na ji a raina in na amsa, ko da baki ne, na karɓi abin da ba nawa ba. Sai in duƙa kan keke in yi kamar ina zura zare. Wannan shi ne rabin dalilin, wanda nake faɗa wa kaina. Ɗaya rabin kuwa, na riga na rantse ba wanda zai sake saye ni da gaisuwa.

Selbi ba ta da rufi a baki. "Appa," haka take kiran ubanta, "ka daina wahalar da hannunka. Bango kake gayarwa."

"Bangon nan ya fi ki iya kalmasa," in ji shi. "Ƙyale min shi."

Da rana tare muke ci, shinkafa a kan ganyen ayaba. Tun ranar farko ya hana a kawo nama shagon, ya ce kada Tambi ya riƙa tambayar waye ya yanka. Wata rana muna ci na kasa haƙuri.

"Baba, ka daina yi min abin nan. Ni ba abin bauta ba ne. Ga su can a kusurwa, ka yi musu, ni ka bar ni."

Ya suɗe yatsunsa, ya wanke hannu, don ba ya yin abin da hannu mai maiƙo. Ya ɗaga dama ya ce, "Wannan ni ne." Ya ɗaga hagu. "Wannan kai ne." Ya haɗa su. "Duba. Wanne ya fi tsawo?"

"Babu."

"Wanne ne mai shago, wanne ne ɗan aiki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Kuma ba a haɗa su a ciki, wurin abinci, ba a haɗa su a aljihu. Nan ake kawo su," ya taɓa ƙirjinsa. "Mu abin da aka koya mana, Ubangiji ya ajiye haskensa a cikin kowane mai rai. Ba Haladu mai ɗaure fuska nake gayarwa ba, wannan ko ni ba ya burge ni. Wanda ke zaune a cikin Haladu nake gayarwa, da wanda ke zaune a cikina. Mutanen arewacin Indiya namaste suke cewa, mu wanakkam, duk ɗaya ne, na sunkuya maka. Kan mutum kuwa shi ake saukarwa saboda nan girman kai ya yi gida."

"Allahnmu ba ya zama cikin mutum," na ce. "Ya fi ƙarfin haka."

"To. Numfashin da kake min faɗa da shi, wa ya ba ka?"

"Allah."

"Shi ke nan. Kai ka ce kyautarsa ce a cikinka, ni na ce shi ne da kansa. In mun mutu za mu ji wanda ya yi daidai. Kafin nan akwai riguna goma sha biyu."

Na ce, "Har wanda ya cuce ka za ka haɗa wa hannu?"

Ya saci kallon Selbi da ke wanke kofi a baya, ya rage murya. "Mijin wannan na taɓa haɗuwa da shi a tashar jirgi. Hannuna suka yi nauyi kamar na ɗauki keke biyu. Amma na haɗa. Hasken da ke cikinsa bai gudu ya bar kowa ba, shi ne ya gudu." Ya miƙe. "Ba sai ka amsa ba, Tambi. Ba ciniki muke ba."

Maganar ta tsaya min a rai. Ranar Juma'a bayan an idar a Masjid Jamek na tare Malam Nasiru, wani Bakatsine da ke karatun digiri na uku a fannin shari'a, na kwashe komai na faɗa masa. Na ɗauka zai yaba min.

"Ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai, wannan babu wasa," in ji shi. "Kada ka sunkuya masa, kada ka ɗauki aƙidarsa. Amma Malam Haladu, mutum ya ba ka aiki, ya hana kansa nama saboda kai, ya gaishe ka, ka juya masa ƙeya? Wa ya hana ka ce masa ina kwana? Wannan ba tsoron Allah ba ne, rashin tarbiyya ne."

Yaron da na girme wa shekara goma sha biyar. Na yi wata guda ba na zama sahu ɗaya da shi. Amma na san gaskiya ya faɗa. Kullum a cikin jirgin ƙasa na cikin gari sai in ce yau zan amsa. In na hau matattakala, Baba ya juyo, sai in sake duƙawa kan keke. Abu ya daɗe, ya zama kamar in na amsa yau na yarda duk kwanakin baya ni ne mara kunya.

A shekara ta biyu, ana saura mako guda bikin fitilu, aiki ya kai mana wuya, wayar shago ta yi ƙara da yamma. Ƙanena ne daga Kano. Innarmu ta rasu da asuba, har an kai ta. Na ajiye kan wayar na zauna a ƙasa tsakanin kekuna. Baba ya sauka da kansa ya ja ƙofar ƙasa ya rufe, masu karɓar ɗinki suna bugawa bai kula ba. Ya ja labule ya rufe kusurwar abin bautarsa. Ya yanko farin yadi sabo daga bandir ya shimfiɗa min ta inda ya saba ganin ina fuskanta in zan yi salla. Da na idar ya zauna kusa da ni a ƙasa, da gwiwoyinsa masu ciwo.

"Yaya sunanta?"

"Hajara."

"Me take so?"

"Goro. Da faɗa."

"Ashe gado ka yi," in ji shi. Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace min, ya bar ni na yi abina.

Washegari ya gaishe ni, ya daɗe hannunsa a haɗe fiye da kullum. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji in na yi magana kukan zai dawo a gaban Selbi, na duƙa kan zare. Na ce gobe.

Bayan wata biyar, da hantsi, yana yankan rigar bikin jikarsa Kabita, 'yar Selbi, almakashi ya faɗi daga hannunsa. Na ɗago na ga bakinsa ya karkace. Ni na goya shi na sauko da shi matattakalar nan, ba shi da nauyi ko kaɗan, Selbi na gaba tana ihun tasi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ya yi mako uku a asibiti. Ƙafar ta dawo kaɗan, yana ja da sanda. Magana ta dawo a karkace. Hannun dama bai dawo ba.

Gidansu yana bayan shagon. Da aka sallame shi na je dubiya, na tarar da mutane a tsakar gida an hana su shiga, abokansa na wurin ibada, tsofaffin masu kawo ɗinki. Selbi ta fito idonta jawur.

"Ya ce ba ya son ganin kowa. Hagu kaɗai yake iya ɗagawa."

Ba sai ta ƙara min bayani ba. Su ma kamar mu ne, ba a gai da mutum da hagu, ba a miƙa masa abu da hagu, zagi ne. Mutumin da ya shekara saba'in bai taɓa ganin fuskar ɗan Adam bai haɗa masa hannu ba, yau abin da ya rage masa hannun wanke ƙazanta.

Ni na kutsa, don ba na jin magana. Yana kwance. Da ya gan ni sai hagunsa ya tashi da kansa zuwa ƙirji, ya tsaya shi kaɗai a iska. Ya kamo daman da shi ya jawo sama, yatsun a lanƙwashe, da ya saki don ya shimfiɗa tafi sai ya zame ya faɗi kan cinyarsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya juya fuskarsa bango. Na tsaya a kansa da "ina kwana" a bakina, amma wa zan amsa wa? Ba wanda ya gaishe ni. Na ga yadda ƙeyar mutum take in ka zo masa da zuciya ɗaya. Wata goma sha tara abin da yake gani ke nan.

Saura wata biyu bikin Kabita. A al'adarsu babban gida ne ke tsayawa a ƙofar zauren biki ya tarbi baƙi ɗaya ɗaya da haɗa hannu. Uban yarinya ba ya nan, dangin ango dama suna ƙus-ƙus a kan haka. Baba ya ce ba zai je ba, a ce musu ya mutu.

"In bai tsaya ba, za su ce yarinyar ba ta da kowa," in ji Selbi. Muna shago mu biyu, ni ke yanka yanzu. "Ta ce ita ma in babu kakanta ba za ta zauna a yi ba. Gidan nan kowa kansa dutse ne. Har ɗan aikin."

Hankalina na kan wani abu daban. Ina kallon farin mayafin kafaɗa mai bakin zinare da aka saya masa don bikin, irin wanda mazansu ke ratayawa. Ni ban iya lallashi ba, ban iya addu'arsu ba, ba likita ba ne. Amma na shekara ashirin ina sa yadi ya tsaya inda ba ya son tsayawa.

Na ɗauki tef na tafi gidan. "Baba, tashi zan auna ka."

"Likkafani?" ya ce da karkataccen bakinsa.

"In kana so in haɗa maka da shi, amma ba yau ba. Miƙo hannun."

"Ya mutu."

"Ban tambaye ka lafiyarsa ba, tsawonsa nake nema."

Ya zage ni da Tamil, Selbi ta ƙi fassarawa. Na auna daga wuya zuwa ƙahon zuci, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, da tsawon kowane yatsa.

Na farko da na ɗinka maɗauri ne kawai da ke ratayo wuyan hannun daga wuyansa. Hannun ya hau ƙirji amma ya langaɓe kamar kan kazar da aka yanka. Baba ya fizge ya yar. Na biyu na sa gam mai tauri irin na kwalar riga, ninki huɗu. Hannun ya tsaya, amma nauyin ya koma wuyansa, minti biyar ya fara nishi. Ya ce in fita masa daga ɗaki, kuma in na sake dawowa da wannan shirme ya kore ni daga aiki.

"Kore ni mana," na ce. "Wa zai yanka maka? Selbi? Ta mayar da rigar amarya buhun shinkafa?"

"Ina jin ka, baƙin mugu!" in ji Selbi daga kicin.

Na uku ya ci min kwana tara. Na ɗinka 'yar shara ta ciki mai kama jiki, yadda nauyin zai bazu a kafaɗu biyu da baya. A gabanta na yi aljihu a tsaye wanda damtsen zai kwanta a ciki, ya fito ta tsakanin maɓallan rigar sama. Na fasa maficin gora na Selbi na fere tsinke huɗu sirara, na naɗe su da auduga, na ɗinke cikin wani ƙyallen siliki da na rina da ganyen shayi har ya zo kusa da launin fatarsa. Wannan ya kwanta a bayan hannun, da 'yan zobban zare da ke riƙe kowane yatsa a miƙe. Mayafin kafaɗar kuma na kama shi da ɗinki uku ta yadda zai zubo ya rufe komai, yatsu da tafi kaɗai ke waje, a tsaye, suna kallon hagu.

Muka sa masa ni da Selbi. Ya daɗe yana kallon hannun nasa a tsaye a ƙirjinsa. Bai ɗaga hagun ba. Ya ce mu fita mu ja ƙofa. Muna tsakar gida muka ji yana jan sanda zuwa ɗan ɗakin ibadarsa na gida, inda bai shiga ba tun da hannun ya mutu. Selbi ta toshe bakinta da gefen zanenta na sari. Ni na tafi shago, ina da aiki.

Da safe ake ɗaurin aurensu. Zauren biki ne a nan Brickfields, an kafa itacen ayaba biyu a ƙofa, masu algaitarsu da ganga suna ta yi. Na sa kaftanina ɗaya tilo mai kyau da hula. Na tsaya can gefe wajen tulin takalma, da allura da farin zare a aljihu ko wani abu zai tsinke. An ajiye wa Baba doguwar kujera ya ɗan jingina, wanda bai sani ba zai ce a tsaye yake. Baƙi suka yi layi. Duk wanda ya iso, hagun Baba ya tashi ya sami ɗan'uwansa, kai ya sauka, "Wanakkam." Uban ango, wani mai tumbi da zoben zinare, ya zo ya haɗa nasa ya sunkuya fiye da na Baba. Ina lura da kafaɗar dama, ina ƙirga ɗinkina a raina. Ba abin da ya motsa.

Layi ya kusa ƙarewa sai na ji an cafki hannun rigata. Selbi ce, cikin sari ja, ta sha gwal.

"Kai kuma mai gadin takalma aka ɗauke ka? Shiga layi."

"Aiki nake."

"Shiga, ko in je shago in ɗauko dutsen guga."

Ta tura ni bayan wata tsohuwa. Mutum uku a gabana, biyu, ɗaya. Na ce a zuciyata, ya Allah kai ka san wanda nake bauta wa, ka kuma san abin da bawan nan naka ya yi min. Tsohuwar ta wuce. Baba ya ɗago ya gan ni. Gumi ya jiƙa tokar goshinsa, hagun ya gaji, amma ya ɗaga shi ya haɗa.

"Wanakkam, Tambi."

Ban sunkuya ba, kaina a tsaye yake. Na ɗaga hannuwana biyu na haɗa su a ƙirji, na ce da Hausa, da ƙarfi yadda masu ganga ma sai da suka waiwayo, "Lafiya lau, Baba. Ina kwana. Ina gajiya. Yaya jiki. Yaya taro."

Bai san ko kalma ɗaya ba. Ya dube ni, ido ɗaya yana zubar da ruwa, ɗayan yana dariya. Sannan ya sauke kallonsa kan hannuwana ya ɓata fuska irin yadda yake yi in ya juya cikin riga.

"Tambi," ya ce, "dama ta fi hagu tsawo. Tela ne kai ko me? Daidaita baki."

Na duba. Gaskiyarsa, yatsun sun zarce juna. Na daidaita su, ɗaya a kan ɗaya, na riƙe a haka har sai da ya gyaɗa kai.